Turmina da ƴan teyatur

Asabar, 4 ga Mayu
Rufaida jikata ta shigo da wani yaro Jamilu, wai shi ne shugaban ƴan teyatur ɗinsu, masu wasan kwaikwayo da rawa. Aron tsakar gidana suke so, da turmina. Sun shirya sabuwar rawa bisa lugude, dakan da muke yi da ƙuruciya, mata uku turmi guda, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Mutanen wani furoje za su zo Mayahi ƙarshen wata, su zaɓi ƙungiya guda su ɗauki nauyinta. In ba su aka zaɓa ba sun watse, Jamilu sai Kano, Rufaida kuma ubanta ya ce tsalle-tsallen ya ƙare. Na ce su zo. Gidan ba kowa tun rasuwar maigidana Malam.

Talata, 7 ga Mayu
Na dawo daga gaisuwa na iske suna dakan turmina wayam. Ko ƙwaya babu. Na ƙwace taɓarya. Jamilu ya ce, "Kaka, ai gwaji ne, ƙarar kawai muke so." Na ce turmi wayam yunwa yake kira ma gida, kuma tsagewa yake yi. Ɗiyan injin niƙa ne, ba su sani ba. Furoje kuma ba ya ba da ko tiya guda ta hatsi sai ya ga wasa. To da me za a yi wasan?

Laraba, 8 ga Mayu
Na buɗe rumbu.

Lahadi, 12 ga Mayu
Uban Rufaida ya zo, ya leƙa rumbu. Sannan ya ce, Inna, damina ba ta sauka ba, hatsin nan shi zai kai ki kaka. Gaskiyarshi. Na ce ba noman shi ba ne. Bayan ya tahi na leƙa ni ma. Ba zai kai ba in aka ci gaba haka.

Litinin, 13 ga Mayu
Na bi unguwa gida gida. Na ce duk mai surfe ta kawo gidana, yara su daka mata kyauta ta ɗauki abinta, dusar ma tata. Sumaiya matar mahauci ta ce ɗiyan lakwal, ƴan boko, za su ɓarar mata da hatsi. Hajjo maƙwabciyata ta yi dariya har da tari, ta ce tsufa ya sa ni zama furoje. Ita ta fara kawowa.

Jumma'a, 17 ga Mayu
Ƙwarya bakwai a ƙofa tun hantsi, har da ta Sumaiya. Tafin hannun Rufaida ya fashe, na shafa mata man kaɗe na ce ta ci gaba. Taɓarya ta faɗo ma Fatiha, ɗaya daga cikin masu dakan, bisa ƙafa, ta yi kuka, ta koma layi. Dakan ya fara zama. Waƙar ce ba rai, kamar masu karanta darasi. Ni ba waƙa nake yi ba yanzu.

Alhamis, 23 ga Mayu
Jamilu na son a shafa ma turmi fenti don baƙi. Na ce ya shafa ma kanshi.

Asabar, 25 ga Mayu
Yau ne wasan gaban mutanen furoje. An kai turmi gidan matasa bisa amalanke. Na bi shi don kar a kayar. Matan unguwa duk sun zo, kowa na nuna wadda ta daka mata. Da aka zo tsakiya muryar Rufaida ta shaƙe, taɓare na tahiya ba waƙa. Wata tsohuwa ta ɗauka daga cikin mutane, sauran suka amsa. Hajjo ta ce ni ce. Ban tsaya gardama ba, ƙafata na ciwo.
Uban Rufaida na can baya. Bai tahi ba sai da aka gama.

Talata, 28 ga Mayu
An zaɓe su. Za a kai wasan Tasawa da Maraɗi bayan Sallah. Jamilu ya ce yanzu za su sayi sabon turmi in huta. Sabon turmi ba shi da murya, sai ya sha daka. Nawa za a tahi da shi, kuma ba na ba yara turmina su kaɗai, su ne masu daka shi wayam.
Na hiddo zanen nan shuɗi daga adaka na wanke. Asu ne nake gudu.