Saura Kwana Tara

Al Mirƙab, Doha
12 ga Fabrairu, 2009

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan tukuna.

Yaya, ƙanwarki ta yi yaji. Yau kwana ashirin ina gidan Malam Bello, malamin jami'ar nan Bakatsine, wurin matarsa Goggo Asibi, tunda su ne iyayena a garin nan. 'Yata Lubna tana tare da ni.

Kin san na shigar da takardar neman zama 'yar ƙasa ta dalilin mijina Hanif, shi da yake ɗan ƙasa. An ce mini idan auren ya kai shekara biyar daga ranar da na shigar da ita, za a duba a ba ni. Saura wata huɗu. To ran nan muna cin abinci da danginsa, maganar aikina na ɗakin gwajin jini ta taso, yana so in ajiye. Da na ƙi, sai ya ce a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa ai ba ni da bakin musu, tunda don fasfo nake zaune da shi. Ni da na zo ƙasar nan da gurbin karatu, ya yi shekara yana sintiri kafin in kula shi! Da safe na ɗauki akwati ɗaya, na bar sauran kayana yadda kowa zai gane zan dawo.

Yanzu biko nake jira. Goggo ta tanadi faɗan da za ta yi masa, kullum sai ta ƙara masa gishiri.

Taki,
Sahadatu

Al Mirƙab, Doha
20 ga Afrilu, 2009

Yaya Zaituna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, na kuma ji duk haƙurin da kika ba ni. Ya zafi? Namu ya fara gasa mutane.

Ki yi dariya in kina so: ashe dangin Hanif ba su san biko ba. Mu muna nan muna share falo muna jiran baƙi, su suna can sun ɗauka na ƙi auren ne gaba ɗaya. Sai da Malam Bello ya taka ya yi musu bayani cewa a wurinmu mace takan tafi gida don a zo a ba ta haƙuri. Hanif ya ce shi bai kori kowa ba, wadda ta fita da ƙafarta ta dawo da ƙafarta.

Mahaifiyarsa, wadda ban taɓa ganin sharrinta ba, ta aiko mini da shawara. In koma in zauna a ɗakin sama, ba ruwana da shi, har watannin su cika in karɓi takarda, sannan a rabu lafiya. Ta ce don Lubna ne. Izinin zamana a ƙarƙashin Hanif yake, shi ne kafil ɗina, wato mai tsaya mini. In aure ya mutu ana iya cewa in bar ƙasar, Lubna kuwa 'yar ƙasa ce, ba za ta bi ni ba.

Na yi kwana uku ba na iya cin abinci, Yaya. Ina yi wa Lubna kitso hawaye na zuba a kanta, tana tambayata ko ruwa ne. Amma in na koma ɗakin saman nan, maganar da ya faɗa ta zama gaskiya, kuma wata rana Lubna za ta ji.

Na sa abayata na tafi ofishin da kaina, na yi tambaya da Larabcina. Ma'aikaciyar ta ce mini wadda aka saka tana da ɗa da ɗan ƙasa, in ta ci gaba da zama, tana iya nema, sai dai babu alkawari. Asibitin da nake aiki kuma na roƙe su su zama kafil ɗina. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Sahadatu

Misaimir, Doha
9 ga Oktoba, 2009

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida kowa da kowa. Wannan kam ki karanta wa Inna, ki ɗaga murya.

Kin ga adireshi ya sauya. Ɗaki biyu ne, na kama da albashina. Asibiti ya karɓi izinin zamana, alƙali kuma ya bar mini riƙon Lubna.

A watan Yuni muka je kotu don a raba auren. Hanif ya lissafa ya ga saura kwana tara shekara biyar ɗin ta cika, ya ce a ɗaga zaman, ya yi mini wannan alfarmar. Na gode masa, na roƙi alƙali a gama a ranar. Goggo Asibi ta ce taurin kaina ya fi na jakin Kano, ta faɗa tana share hawaye, sannan ta saya mini turare.

Na shigar da sabuwar takarda. Inda aka ce mai nema, sunana ne da na Baba. Inda aka ce dalili, na rubuta Lubna. Ko su ba ni ko su hana, kullum da safe ni nake kai ta makaranta.

Ga na ƙarshe. Jumma'ar da ta wuce, bayan na gama idda, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hanif ne da mahaifiyarsa, da turmin atamfa da ban san inda ya samo ba, Malam Bello a bayansu yana kallon silin. Wai biko suka zo, bayan wata takwas! Ya ba ni haƙuri a gaban mahaifiyarsa, inda ya yi ɓarnar. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta motsa.

Na ba su shayi. Na ce masa lokacin biko ya wuce, yanzu sai dai nema, kuma ni ba a nemana a Doha. Yanzu da babu fasfo a tsakaninmu, in yana so ya san hanyar gidanmu a Zariya.

Jiya Malam Bello ya ce ya gan shi a layin biza. Ki gaya wa Kawu Gado ya sa a share zaure, amma kada ya yi saurin amsawa.

Taki har kullum,
Sahadatu