Ƙullinki Yana Wurina, Sima

Tsibirin Kego, ƙarshen hunturu

Ya Serafima, Simata, hasken tagata a watannin da rana ke ƙin leƙo mu! Ya ɗumin murhuna, gishirin kifina, moroshkata, 'yar itacen nan mai zaƙi mai launin zuma, wadda ni kaɗai na tsinta a tsakiyar fadama! Ina gaishe ki irin gaisuwar da kogin Dvina ke yi wa teku, wadda ba ta yankewa ko ƙanƙara ta rufe masa baki. Yaya jikin? Yaya hannun hagun? Suna ba ki shayi mai kauri kuwa, ko wannan ruwan ɗauraya da 'yarki ke kira shayi?

Lidiya, na san ke ce mai karanta mata tunda idonta ya dushe. Ki karanta duka. Kada ki tsallake layi, kada ki gyara mini magana. Rubutun mummuna ne, na sani, da fensirin kafinta na yi shi. Ban zauna a aji ba, uwarki ce ta koya mini baƙaƙe da yatsa a jikin gilashin taga mai raɓa. In kin ga kuskure, ga malamar nan kusa da ke, ki tuhume ta.

Sima, shekaranjiya 'yarmu ta tsallako kan ƙanƙara da takalmanta na birni, ta shigo ko dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarta ba ta kakkaɓe ba, ta ce, "Baba, Mama ta ce a ba ni ƙullinta." Na ce wane ƙulli? Ta ce, "Ka san wanda nake nufi. Na ƙasan akwati."

Na sani mana. Farar rigar da kika ɗinka da hannunki ba tare da kin ƙulle zare ko sau ɗaya ba, yadda kakanninmu suka ce a yi don kada mai tafiya ya sarƙe a hanya. Farin ɗankwali, safa, takalmi mai laushi, kyandir, ɗan gicciyen katako. Kayan da za a sa miki ranar da za a kwantar da ke. Nawa yana gefensa, shi ma ɗinkinki. Ke kin san mutanenmu: inda ƙullin mutum yake, nan ya yi niyyar kwanciya. Ranar da suka ɗauke ki zuwa asibiti a jirgin ƙarshe kafin kogi ya daskare, kin ɗauki tabarau, kin ɗauki mataji, kin bar ƙullin. Sai na ce a raina, za ta dawo. Da wannan na ci hunturun nan, Sima. Ba da dankali ba, ba da kifi ba. Duk safiya in ɗaga murfin akwati, in gan shi, in rufe, sannan in iya hura wuta. Yanzu kuma kin aiko a ɗauka!

Na ce mata ba zan bayar ba.

"Baba, kai fa ba yaro ba ne. Kayan mutuwarta za ka yi garkuwa da su?"

"Ƙwarai kuwa. Mai kaya ta zo da ƙafarta."

"Da wace ƙafar? Daga gado zuwa taga ma sai an riƙe ta!"

"To in zo da amalanken ƙanƙara in jawo ta. Na ja buhunan gari a kansa, uwarki ba ta kai nauyinsu ba."

"Wayyo ni, wannan tsoho! An ba mijina aiki a kudu, na gaya maka. Da hanya ta bushe za mu tashi, da Mama. Akwai rana, akwai likita a bakin layi, kai ma akwai gadonka in ka sauke taurin kan nan. Gidan nan fa ya zame daga kan ginshiƙansa, Baba! Kofin shayi ma gangarawa yake yi a kan tebur!"

"Sai in riƙe kofina."

Ta buga ƙofa har gishiri ya zube daga kan kantar bango.

Kudu, Sima? Me za ki yi a kudu, ya farar tsuntsuwar tekuna? Wa ya taɓa ganin an dasa moroshka a ƙasa mai ƙura ta yi 'ya'ya? Ke da aka haifa cikin ƙamshin sabon katako da kwalta da kifi mai gishiri! Ke da ƙafarki ta san kowane allo na hanyoyin katakon birnin Arkhangelsk, wanda ke kuka da wanda ke tsalle ya watsa wa mutum ruwa a siket! Ko yanzu da suka rataye ki a hawa na tara a unguwar Varavino kamar kejin tsuntsu, na san kunnenki yana neman kukan jiragen ruwan tashar Solombala. Can wa zai yi miki shi? Wa zai tuna tare da ke lokacin da gumagumai ke cika kogi daga gaɓa zuwa gaɓa har mutum ya taka ya wuce? Wa zai tsaya da ke gindin farin bangon tsohuwar kasuwar Gostiny Dvor mai kauri kamar hunturu, ku yi wa gunkin Sarki Bitrus dariya, shi da ya kafa wa ruwa ido shekara da shekaru ba jirgin da ya zo ɗaukarsa? A can in kin ce musu dare ba ya duhu a garinmu da bazara, cewa za su yi tsufa ya taɓa ki.

Kin tuna ranar farko? Ni ban manta ko ɗigo ba. Ina aikin mashigi a lokacin, mu ne masu kafa rassan itace a kan ƙanƙara don mutane su ga hanya, mu ne kuma masu tura gadar katako bisa tsagar da jirgi mai fasa ƙanƙara ya bari. Gab da sabuwar shekara ne, a shekarun da aka fara ganin sukari bayan yaƙi. Jirgi ya wuce ke nan, ruwa baƙi ƙirin yana hayaƙi, guntayen ƙanƙara suna juyi a ciki, na tare jama'a da sanda sai ruwan ya lafa. Sai ga wata 'yar ƙarama cikin jan ɗankwali, da kwandon kozuli a hannu, biskit ɗinmu mai siffar barewa, ta ɗaga murya:

"Kai mai gada! Jira kake ruwan ya daskare da kansa?"

Na ce, "In kina sauri, ki yi iyo."

"Da na yi, amma ina tsoron kai za ka tsamo ni. Gara kifi ya same ni."

Mutane suka kwashe da dariya, kunnuwana suka yi zafi cikin wannan sanyin. Na tura gada, kika taka kamar ta gidanku ce, kika kai tsakiya, kika juyo. Kika karya barewa ɗaya, kika miƙo mini kan, kika ce, "Ungo, ya fi naka amfani." Ya Sima! Tun daga ranar ban ƙara jin sanyi irin na da ba. Dariyarki ta shiga ƙirjina kamar ruwan narkewa da ke shiga ƙarƙashin ƙanƙara, ba a ganinsa, amma shi ke karya kogi gaba ɗaya.

To yaya zan bi ki, kuma yaya zan zauna? Kin san abin da ya ɗaure ni a nan. Ba gidan ba ne, gidan gawa ne da bai faɗi ba tukuna. Injin katako ya yi shiru, samari sun watse, layinmu tagogi uku ke nuna wuta. Waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa ne suka riƙe ni. Mutanen da aka koro daga garuruwansu aka kawo cikin kwale-kwalen kaya ina yaro, aka zube su a bakin injin da 'ya'yansu, hunturu ya cinye su, aka binne su bayan itatuwan bakin rafi ba gicciye ba suna. Na ga inda aka sa su da idona. Na san inda matar nan mai waƙa da yaren kudu take, na san inda tagwayen suke. Waɗanda yunwar yaƙi ta kashe, su ma na san layinsu. Ba takardar da ta san su, ni ne takardarsu. Duk ranar tuna matattu ni ke zuwa in kira sunayensu, in marmasa musu ƙwai da burodi tsuntsaye su ci. In na tafi, sun mutu karo na biyu.

Ga kuma Tikhon ɗinmu. Teku ba ta dawo mana da ko hularsa ba, sai gicciyen da na kafa masa a bakin gaɓa yana duban arewa. Duk shekara ƙanƙara in ta tashi sai ta ture shi, duk shekara in miƙar da shi. Wa zai miƙar da shi bana? Ke uwarsa ce, ki faɗa mini, wa?

Abin da na yi niyyar rubuto miki ke nan, in ce ki dawo, ki dawo, ki dawo, har fensirin ya ƙare. Amma akwai maganar da Lidiya ta yi wadda ban faɗa ba. Bayan ta buga ƙofa ta kai bakin shinge, sai ta dawo, ta tsaya a bakin taga, ta ce a hankali, "Baba, ba don ta gaji da kai ta aiko ba. Tsoro take ji kada a sa mata rigar kanti mai maɓalli, a hannun mutanen da ba su san sunanta ba."

 Abin da likita ya faɗa, ni da ke mun sani, ba sai an ɓata takarda ba. Na zauna ina ganinki a wani ɗaki mai zafi, baƙin hannaye suna juya ki, suna ɗaura miki ɗankwali ta baya kamar 'yar aikin kanti, alhali ke a ƙarƙashin haɓa kike ɗaurawa tun kina budurwa. Ba mai cewa, a'a, ba haka take so ba. Ni kuwa ina nan ina gadin akwati!

Jiya na je wurin Avdei maƙwabcinmu, na same shi yana gyaran raga. Na zayyana masa komai. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Miron, tsoho mai kunnen ƙashi, matattun nan naka ina za su? Shekara nawa suna kwance, ko ɗaya ya taɓa yin ƙaura? Mai ran ce za ta tafi, wawa."

Na ce, "Kai me ka sani, mashayin banza?"

Ya ce, "Na san na binne tawa ina riƙe da hannunta. Kai kuwa me za ka riƙe, murfin akwati?"

Da na sami abin jifa da na jefe shi. Ban samu ba, sai na zauna.

Yau tun safe na ja shi muka zaga bayan itatuwan. Na fere turaku, na kafa ɗaya a kan kowane wuri, dusar ƙanƙara har gwiwa, ina faɗa masa sunaye yana maimaitawa yana zagina. Zai manta rabi kafin bazara, na sani. Sauran rabin zai haɗa sunan wannan da kabarin wancan. Turakun ma ruwa zai kwashe su. Na kai shi wurin Tikhon, na nuna masa yadda ake tokare gicciyen da duwatsu ta gefen kogi. Ya yi alkawari, amma bayansa ya fi nawa lalacewa. Na tsaya na gaya wa yaronmu cewa uwarsa ce ke kira. Iska kawai ke kaɗawa. Gidan kuwa, kafin hunturu mai zuwa maƙwabta za su ɓalle shi allo-allo su sa a murhu, har da tagar da kika koya mini rubutu a jikinta. Ban ga laifinsu ba, sanyi ba ya tambayar na wane ne. Ban taɓa jin na tsufa ba sai yau, Sima. Kamar an zare mini ƙashin baya aka bar rigar tsaye.

Saboda haka ki saurara, ya sanyin idona, ya fitilar da nake hange daga tsakiyar kogi. Ba zan aiko da ƙullinki ba. Na ce ba zan bayar ba, kuma ban bayar ba, a gaya wa Lidiya ban sauka daga maganata ba. Ni zan kawo shi da kaina. Na ɗaure shi da nawa da igiya ɗaya, ɗaurin masu jirgi, wanda ba ya kwancewa sai an yanka. Inda za a kai naki, can za a kai nawa, ko kudu ne, ko bayan kudu. Lidiya, ki buɗe kunne: duk inda kuka kwantar da uwarki, ku bar wuri a gefen hagunta. Ba roƙo nake ba.

Wasiƙar nan za ta tsallaka yau da mai kawo burodi. Ni sai gobe da sassafe, kafin rana ta taɓa ƙanƙara, don sai na bar wa Avdei akuya na kuma toshe tagogi. Kogi ya fara baƙi, ruwa ya hau kansa, an ce jibi za a janye gadar a rufe mashigi, daga nan ba mai wucewa sai ƙanƙara ta gama tafiya, ku kuwa lokacin kuna ɗaure kaya. Kada ki ji tsoro, na san wannan ƙanƙara fiye da yadda na san fuskata, zan riƙe doguwar sanda. Amma ƙafafun ba na da ba ne, kuma ban taɓa yi miki ƙarya ba. In ta buɗe a ƙarƙashina, abu na farko da zan yi shi ne in wurga ƙullin gaba, can kan mai ƙarfi. Na rubuta sunanki da lambar gidan Lidiya a jikin ƙyallen da manyan baƙaƙe, duk wanda ya tsinta zai kawo. Ko ta yaya, ba za a sa miki rigar kanti ba.

Ki sa a zaunar da ke kusa da ƙofa. Ki jira ni, Sima, kada ki yi mini irin saurin nan naki. Sau ɗaya dai a rayuwarki, ki bari sai na tura gada.

Naki tun daga kan ƙanƙara har zuwa ƙarƙashin ƙasa, wanda bai taɓa duban wata ba kuma ba zai fara a wannan gaɓa ko a waccan ba,

Mijinki,
Miron