Man da na shafa wa injin Maman Dauda

Daren Laraba, farkon damina

Har yanzu hannuna warin mai yake yi. Injin huɗar da Maman Dauda ta ara mini, wanda mijinta ya rasu ya bar mata, yau ya tsaya a tsakiyar gonata ta ƙauyen Jama'a. Yana ruri lafiya lau, amma tayoyin ko motsi. Ga shi gobe ita ma za ta yi tata huɗar.

Ƙanena Sani ya matse wayar kuloci, ya duba giya, shiru. Da ya buɗe murfi ya taɓa bel, sai ya ɗago yatsunsa suna ƙyalli.

"Yaya, wa ya zuba wa bel mai? Ai santsi yake yi, ba ya kama komai."

Na ce ni ce. Jiya na goge injin, na bi ko'ina da mai yadda nake yi wa keken ɗinkina, don kada in riƙe kayan aro da ƙazanta.

"Saura ki turara shi," in ji Sani. Ni dai dariya ta ƙi zuwa.

Mun zaga Sabon Gari, babu irin bel ɗin. Ya ce mu wanke da garin sabulu, mu mayar, mu yi shiru. Wankewa kam na wanke. Shirun ne ba zan iya ba, da asuba zan je Samaru in faɗa wa Maman Dauda da bakina.

Ga bel ɗin nan rataye a ɗakina yana ɗiga, hadari kuma ya sake haɗowa. Allah ka sa ya kama, kada gonar marayu ta rasa huɗa saboda tsabtata.