Kada a Share Gurbin Maɗaci

Gembu, 9 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Malam Bamalli,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Fatsuma, ya ɗalibaina da na bar maka? In ka shiga unguwar Wambai ka gaida Inna, ka ce ina lafiya. Kada ka faɗa mata iska ta yaye rufin ɗakina. An mayar da shi, tarin ma ya yi sauƙi.

Malam, kwas ɗin nan na gandun daji ya buɗe mini ido! Guguwar bara ta kayar da manyan bishiyoyi a saman dutse, amma kaɗan ta taɓa a gangare. A gangaren inuwa na nan, iri biyu ko uku ne ke tsirowa. A sama kuwa, duk inda bishiya ta faɗi rana ta samu shiga, sai ga tsirrai iri-iri!

Ni da halin malamin makaranta, na ga gurbin wata bishiya da ta faɗi ya yi duhuwa, na ɗauki adda na share fili guda tas. Malaminmu ya dafe kai ya ce, "Nasiruddeen, dajin jikokinka ka sare kafin azahar!"

Shi ya sa na yi maza na rubuto. Ka ce iska ta kayar da maɗacin makarantarmu a Maje, kuma hedimasta zai sa a share wurin ranar Juma'a. Don Allah ka roƙe shi ya bari. Ku kewaye gurbin da ƙaya, ɗalibai su riƙa zana duk abin da ya tsiro har in dawo. In ya ƙi, ka ba shi labarin addata.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Nasiruddeen