Takardar Dangwalen da Na Ce Ta Faɗi a Danfo

Assalamu alaikum, masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a zage ni sai an ji ƙarshen magana. Da hannuna na rubuta wannan, kwana uku ina fama, don ban daɗe da iya rubutu ba.

A shekarar da aka cire tallafin man fetur na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai. Albasa nake sayarwa a Agege. Asabar da Lahadi bayan azahar muke karatu, a ɗakin zane na wata kwalejin koyon sana'a ta wajen Abule Egba. Malamar zane, Anti Bisi, ita ta roƙa aka ba mu aron ɗakin. Bayarabiya ce, amma a cikin Hausawa ta tashi. Buroshi ta fara ba mu kafin biro, tana cewa, "Baba, saki hannun nan mana, ba buhu kake ɗaurewa ba!" Allon da ke rumfata yanzu ni na rubuta shi, albarkacinta.

Sai labari ya zo cewa gwamnati ta zabtare kuɗin sashen zane, ba fenti, ba takarda, rufewa kawai ta rage. Anti Bisi ta ce ɗalibanta za su yi zanga-zangar lumana a Ikeja, mu ma mu shiga, a san talakawa na amfana da wurin. Ta kawo takarda da Turanci a samanta, mu talatin da huɗu kowa ya rubuta sunansa, ya tsoma yatsa a shuɗin fenti ya dangwala. Aka ce ni ne dattijon aji, ni zan riƙe ta in miƙa.

Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Turancin nan ban iya karanta shi ba. Wa ya san abin da muka dangwala wa? Rabin ajinmu mutanen Nijar ne, wasu ba su da wata takardar zama. Sunansu da yatsansu a ofishin gwamnati? Ana gobe za mu tafi kuma na hango Anti Bisi a bakin get da wani mai baƙar kwat, suna dariya, tana nuna ɗakinmu. Na ce, "Anti, wane ne wancan?" Ta ce, "Haba Baba, har da kai? Ɗan jarida ne." Ɗan jarida ba kyamara, ba littafi? Ni dai ban yarda ba.

Da muka isa Ikeja, ɗalibai na ɗaga alluna, wani jami'i ya fito ya ce ina takardarmu. Wallahi tana cikin aljihun 'yar cikina, ina jin ta a ƙirjina. Na laluba nan, na laluba can, na ce ta faɗi a danfo, motar hayar da ta kawo mu. Jami'in ya ce in babu takarda, to mu 'yan haya ne aka kwaso, ya juya ya shige. Anti Bisi ta je ta zauna a bakin kwalbati. Sai Alhaji Sani mai tumatir, ɗan ajinmu, ya ce mini, "Wa ya zauna kusa da kai a mota?" Na dai waiwaya na kalli Malam Ilu, wani mai gadi ɗan Maraɗi da ke ajinmu. Kallon nan shi ne zunubina.

Tun ranar aka ce Ilu ya zare takardar ya sayar da sunayenmu. Ba mai haɗa kwano da shi. Maganar ta kai kunnen ogansa, ya sallame shi. Abin da ya fi ci mini rai, har yau wurina yake zuwa. Shekaranjiya ya zauna a bencina ya ce, "Yaya, kai kaɗai ne ba ka canza mini fuska ba. Ka tuna da kyau mana, ko a tasha ta faɗi?" Na cika masa leda da albasa don kada mu haɗa ido. Wannan mutunci ne ko rufe baki?

Takardar tana ƙasan akwatina. Kuma gaskiya har yanzu ban san ko wane ne mai kwat ɗin nan ba. In na fito da ita Ilu zai wanku, ni kuma na zama maƙaryacin Agege da furfurata, sannan ban san hannun da za ta faɗa ba. In na ƙona ta, shaidar da za ta wanke shi ta tafi ke nan.

An rufe sashen zane. An sallami malamai uku, har da Anti Bisi. Ajinmu na mutum talatin da huɗu ya watse. Ilu ya rasa aikinsa da sunansa.

Jama'a, me zan yi?