Wa Zai Yaye Jikana a Teburin Sunuka?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Sunuka ta Matasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina ne ya riƙe alƙalami, amma maganar tawa ce, na kuma hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Sunana Ɗan'azumi, tsohon mai gyaran keke a Liman Abaji. Jikana Shamsu, maraya, shi ne ya ci kofinku a Gangaren Tudu. Ranar nan ka dafa kafaɗarsa a gaban jama'a, ka ce irinsa ne ke zama ƙwararre har a kai shi ƙasar waje. Tun daga lokacin bai sake taka shagon waldar da yake koyon aiki ba, alhali saura kaɗan a yaye shi.

Na farko, mu nan ba a shiga sana'a da ka. Uba ke ɗaukar goro ya kai ɗansa gaban maigida, da shaidu. Maigida ya ci da shi, ya hore shi, in ya ƙware ya yaye shi da kayan aiki. Haka aka kai ni, haka na kai marigayi uban Shamsu. Da yaron ya kafe cewa sunuka sana'a ce, sai na ce to. Na sayi goro, na sa babbar riga, na tafi rumfar da suke bugawa don in damƙa shi. Na nemi maigida. Mai teburin ya ce shi haya kawai yake bayarwa, wanda aka ci ya biya. Samari suka yi ta dariya, suka rabe goron. Dariyar ba ta dame ni ba, ranka ya daɗe. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, duk cikar rumfar nan ba wanda ya ce yaron yana hannunsa.

Na biyu, na ga 'yan dambe da 'yan kokawar garin nan da aka yi wa kiɗa da kirari. Na san su, na san iyayensu, na san yadda suka ƙare. Wanda ya tsira shi ne mai gona ko mai fawa a gefe. Ni ma acaba ta zo ta kashe mana kasuwar keke, amma hannun da ya iya sifana bai kwana da yunwa ba. Ka nuna mini mutum ɗaya mai furfura wanda sandar sunuka ta yi wa aure, ta gina masa ɗaki. Ba na cikin waya ba, wanda zan je in gaisa da shi. An ce akwai su a Turai. To, Shamsu a Keffi yake kwana.

Na uku, tsakanin gasa da gasa me yaro zai ci? Yanzu motar Abuja yake hawa ya je ya buga da manya a kan kuɗi. Ran da ya ci ya shigo da tsire, ran da aka ci shi ya shigo ba waya. Mu caca muke ce wa wannan. In ku kuna da wani suna, ku gaya mini.

Ban ce yaron bai iya ba. Na tsaya na kalle shi, hannunsa ko rawa ba ya yi, har na manta abin da ya kai ni. Wannan ma ya fi komai tsorata ni.

Maigidansa na walda ya ce zai riƙe masa gurbinsa zuwa Babbar Sallah, daga nan ya ɗauki wani. Ga roƙona. In akwai albashi, da mai koyarwa, da wanda zai tsaya masa ran da ya kwanta ciwo, ka zo ka faɗa a gabana, in sa albarka da zuciya ɗaya. In babu, ka kira shi ka ce ya koma ya ƙarasa waldarsa, ya buga sunukarsa da yamma. Ni na yi magana har muryata ta dushe, ya ce zamanina ya wuce. Kai ne zai ji.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka naka 'ya'yan, ya ba su abin yi mai ɗorewa. Sallah kuwa ta kusa.

Wassalam.

Malam Ɗan'azumi Mai Keke,
Liman Abaji, Keffi.