Wurin Yatsan Gul Andam

Misgar, 3 ga Yuli, 1994

Zuwa ga 'yata Nargis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Masta Hidayat ke rubutawa, ni ke faɗa. Na ce in ya gyara mini magana ban yafe ba.

Kin ce wani likita mai tara tsofaffin kuɗi yana son ganin dalolina. Talatin da biyu ne, azurfar Sin, duk hoton shugabansu mai ƙaton kan nan ne a jiki. A idonku iri ɗaya ne. Ni kuwa kowace da sunanta. Akwai mai baƙin gefe, wadda ta kwana uku a ɗamarar kawunki Sifat kafin mu tono gawarsa daga ƙanƙarar dutsen Mintaka. Akwai mai kore-kore, ta dillalin Kashgar, wanda ya ba ni ita canji bayan ya sayar mini da gurgun doki yana rantsuwa. Akwai ta uwarki Gul Andam, Allah ya jiƙanta: baƙa ƙirin, sai fari ɗaya a tsakiya, inda take murzawa da babban yatsa duk sanda ayarinmu ya yi jinkirin dawowa.

Mu goma sha huɗu ne masu jan dawaki kafin a rufe hanyar Kashgar. Ni kaɗai na saura. Idon dama ya tafi, na hagu yana ɗaure kaya. Mutanen garin nan, da na fara labari sai kowa ya tuna bai ba gonarsa ruwa ba.

In da gaske zai rubuta labarin kowace, ya ajiye su wuri ɗaya, to ya zo. Amma ta uwarki ba ta cikin magana. Taki ce.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Daulat Nazar

Rawalpindi, 14 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Masta. Likitan, Dakta Feroz, ya yi murna ƙwarai. Zai taho ƙarshen wata da littafi da na'urar ɗaukar magana, ya ce ko mako ne zai zauna.

Abu ɗaya, Baba, don Allah: kada ka wanke su. Kada ka goge, kada ka bari ko ruwa ya taɓa su. Ya ce baƙin nan shi ne shekarunsu, in ya fita sun zama azurfar awo kawai. Na san halinka in za a yi baƙo. Wannan karon ka ji maganata.

'Yarka mai biyayya,
Nargis

Misgar, 9 ga Agusta

Nargis,

Gaisuwa. Dutse ya zubo ya toshe hanya kwana goma sha ɗaya. Takardarki da likitanki mota ɗaya ta kawo su.

Wa ya taɓa nuna wa baƙo azurfa da dauɗa? Ko amarya ba a fito da ita sai an dafa azurfar da ke jikin hularta. Kwana biyu kafin ya iso na ware ta uwarki na sa a aljihu, sauran na zuba a tukunya da toka da gishiri da nono mai tsami, na dafa, yadda tsofaffinmu ke yi. Na dirje su da tsumma har hannuna ya sage. Suka fito fes, har ni mai rabin ido na ga walƙiya.

Likitan ya sha shayin gishiri, na buɗe masa ƙyalle. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Kawu, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Na ce, "Ɓarna? Yini biyu na yi!"

Masta ya ce, "Ai na ce ka jira takarda, tsoho mai kan dutse."

Na ce, "Kai da ko jaki ba ka taɓa ɗaure wa kaya ba, rufe mana baki."

Mutumin kirki ne, bai tashi ba. Ya buɗe littafinsa ya ce, "Ba komai, labarin nake so. Wacce ce ta Sifat?"

Na ɗauki ɗaya. Na ajiye. Na ɗauki wata. Nargis, shekara arba'in da biyar ina kiran su da suna, ranar nan suka dube ni kamar baƙi. Ashe ba azurfar na sani ba, dauɗar na sani.

Na ce aƙalla ga guda, na ciro ta aljihu. Masta ya kai ta bakin taga, ya juya, ya sake juyawa. Bai yi tsiya ba, a nan na gane. Ya ce, "Daulat, babu fari a jikin wannan. Kore-kore ne."

Ta dillalin Kashgar ce. Ita na tsare. Ta uwarki na dafa.

Likitan ya koma washegari da littafinsa fari.

Mahaifinki

Rawalpindi, 20 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba laifinka ba ne, na ido ne da na hanya. Tana nan cikinsu ai, ba ta ɓata ba. Ka zaɓi kowace ka aiko mini, wallahi zan riƙe ta a matsayin ta Mama. Kuma ka taho a duba idon nan tun da saura.

'Yarka,
Nargis

Misgar, 2 ga Satumba

'Yata,

Gaisuwa. Ba zan zaɓa ba. Ban taɓa ba ki labarin ƙarya ba, ba zan fara da uwarki ba. Ido kuma a bar shi, me ya rage ya gani?

Masta ya ce in rataye su a saman murhu, hayaƙi zai mayar da su baƙi kafin baɗi. Na rataye, don ya ƙyale ni.

Baƙin zai dawo, Nargis. Yatsan ne babu.

Allah ya tsare ki.
Mahaifinki, Daulat Nazar